Tsadar Yadi da Arahar Mai Ɗinkin Gida

Mu mutane ne masu girmama tufa. Magidanci kan shiga Kantin Kwari a Kano ya biya kuɗin leshi yadi biyar ko shadda Getzner ba tare da ya yi dogon ciniki ba, domin ya ji an ce daga Ostiriya aka kawo su. Amma idan aka kai yadin nan wurin matar da za ta ɗinka shi a ɗakinta, sai ka ji ana cewa "ai ta gida ce," a miƙa mata abin da bai kai kuɗin zare da shafi ba. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana damuna, kuma ina ganin tushenta rashin sanin abin da aikin ya ƙunsa.

Na fahimci nauyin aikin ne a gidan ƙanwata, wadda ta shafe shekaru tana ɗinki da tsohon kekenta Butterfly na ƙafa. Da aka sa ranar auren 'yarta, ta ce ita za ta ɗinka rigar kamu da hannunta. Yadin leshi ne mai duwatsu, kuma kwana uku ya yi a shimfiɗe a kan tabarma tana dubansa ba ta sa masa almakashi ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta ce: "Yaya, atamfa tana yafiya, leshi ba ya yi. In na yanka ba daidai ba, ina kuɗin sayen wani?"

Maganarta gaskiya ce. Atamfa auduga ce mai tsayawa inda aka ajiye ta. Leshi kuwa ramuka ne da furanni, dole mai ɗinki ta tsara yankan yadda furen gaba zai haɗu da na baya a gefe, ta kuma bar adon bakin yadin ya faɗo a ƙasan riga da bakin hannu, tunda ba a yi masa kalmasa. Duk dutsen da ya faɗo a kan layin ɗinki sai an cire shi ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba allura ta karye. Sannan ga shafi, wanda riga ce ta biyu a cikin ta farko. Idan ya fi ta matsewa ko ya fi ta saki, za a ga aibin daga nesa.

Kowane yadi da irin halinsa. Siliki santsi gare shi, yana zamewa a ƙarƙashin almakashi, shi ya sa gwanaye kan shimfiɗa takarda a ƙasansa su yanka tare, su kuma sa siririyar allura, lamba 9 ko 11, don kada zaren yadin ya tsinke. Karan-miski yana da gashi mai kwanciya gefe guda. Idan aka yanka gaba yana kallon sama, baya yana kallon ƙasa, rigar za ta fito kamar launi biyu, kuma dutsen guga mai zafi yana kashe gashin har abada. Ita kuwa shadda mai ƙyalli, duk inda allura ta huda, hujin yana nan. Wanda ya farke ɗinki ya sake, ya bar shaida a jikin rigar.

A jami'a muna kiran abu ilimi idan an rubuta shi an kuma yi jarrabawa a kansa. Amma matar da ta san wannan duka ba ta karanta shi a littafi ba. Ta gaje shi daga uwa ko maƙwabciya, ta ƙara da gwaji a kan ƙyallayen da suka rage. Tana auna jiki, tana lissafin yadi, tana hango siffar riga tun tana shimfiɗe. In wannan ba ilimi ba ne, to mene ne?

Akwai kuma abin da ɗinkin gida yake karewa. Kowa ya san yadda shagunan teloli suke cika idan Sallah ta gabato, da yadda alkawari yake tashi ranar jajibere. Mace da yawa kuma ba ta son namiji ya gwada ta. Mai ɗinkin gida tana rufa wannan asiri, amarya ta gwada rigarta sau uku ko huɗu a cikin ɗaki, a rage nan a ƙara can cikin natsuwa. Da abin da take samu ne wata ke biya wa 'ya'yanta kuɗin makaranta ko ta zuba adashi. Idan muka ci gaba da karya mata farashi, za ta rufe keken, 'yarta kuma ba za ta ga dalilin koyo ba.

Shawarata ga magidanta da iyayen biki ita ce a kai yadi da wuri, aƙalla wata guda kafin ranar, a sayo shafi da zare masu kyau, a kuma tambayi mai ɗinki kuɗin aikinta kafin ta taɓa yadin, a biya ba tare da fakewa da zumunci ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mun yarda da karin maganar a gaban mai sayar da leshi, ya kamata mu yarda da ita a gaban wadda za ta mayar da leshin riga.