Takardar Zaman Dindindin A Bakin Ƙofar Jirgi



Kalmar "dindindin" kalma ce mai daɗin ji, mai kwantar da hankalin iyaye. Ranar da labari ya iso gida cewa wane ya sami takardar zaman dindindin a Kanada, sai a raba goro, tsofaffi su sa albarka, kowa ya ɗauka wahalar takardu ta ƙare ke nan. A ganin mutanen gida, daga ran nan ɗansu zai riƙa zuwa yana komawa kamar mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Katsina, in an yi haihuwa ya zo suna, in an yi rasuwa ya zo gaisuwa. Ba laifinsu ba ne. Mun tashi cikin ƙasashen da tun yarjejeniyar 1979 mutum ke ƙetare iyakarsu ba tare da biza ba, inda sau da yawa sanayya da kyakkyawan lafazi ke buɗe abin da takarda ta kasa buɗewa. Ƙofar jirgin sama kuwa ba ta san ɗan wane ba.

Ni ban taɓa taka Kanada ba. Abin da ya haɗa ni da dokokinta shi ne, a zauren mahaifina ni ake miƙa wa duk takardar da ta zo da Faransanci, in karanta in fassara, tun ina ɗan sakandare. Ga kuma wana da ya zauna Monreyal tun 2017, da ɗiyar baffanmu da ta bi mijinta can. Daga al'amuran waɗannan biyu na fahimci abin da nake son iyayenmu su sani: katin da ke aljihu abu ne daban, haƙƙin zama kuma abu ne daban. Ɗaya na iya mutuwa ɗaya yana raye.

Katin, wanda suke kira carte de résident permanent, an fara ba da shi a 2002, shekarar da sabuwar dokar shige da fice ta ƙasar ta soma aiki. Daga 31 ga Disamba 2003 ya zama wajibi ga mazaunin dindindin da zai koma Kanada a jirgin sama, ko jirgin ruwa, ko jirgin ƙasa, ko motar haya ta kamfani. Galibi shekara 5 yake yi. Haƙƙin zama kuwa ba ya ƙarewa don kati ya ƙare. Sharaɗinsa ɗaya ne babba: mutum ya kasance cikin ƙasar kwana 730 a cikin kowace shekara 5, ko a jere ko a rarrabe.

Wanda ya karanta Risala a gaban malam ya san cewa niyyar zaman kwana huɗu cikakku ita ke mai da matafiyi mazauni, ya bar ƙasaru ya cika salla. Wato a can niyya ce ke yanke hukunci. Tsohuwar dokar Kanada ma tana duban niyya: wanda ya wuce kwana 183 a waje cikin wata 12 sai ya gamsar da jami'i cewa bai yi nufin barin ƙasar ba. Dokar 2002 ta ajiye wannan, ta ɗauki lissafi. Ba a tambayar inda zuciyarka take, ana ƙidaya inda ka kwana.

A damanar 2022 ciwo ya kwantar da mahaifiyarmu, har likita ya ce a kira waɗanda ke nesa. Katin wana ya ƙare wata biyu kafin nan. Ya nemi sabo, bai fito ba. Ya san abin da ke gabansa, ya kuma zo, kuma har gobe ban ga wanda zai ce da ya tsaya jiran kati ba. Fita daga Kanada ba ta da wuya, fasfonsa na Nijar ya ishe shi. Komawar ce aiki. Hukumar ba ta aika kati zuwa wata ƙasa, ba a kuma neman sabunta shi sai mutum yana cikin Kanada. Biza irin ta baƙi ba a ba shi, don shi ba baƙo ba ne. Izinin nan na intanet da suke kira AVE, wanda aka wajabta a 2016 ga ƴan ƙasashen da ba sa bukatar biza, shi ma bai shafe shi ba. Hanya guda ta rage, wato titre de voyage pour résident permanent, takarda ce da ake liƙa wa mutum a fasfo, kuma yawanci shiga ɗaya take yi.

Kuɗinta dalar Kanada 50 ne, ba su taka kara sun karya ba. Nauyin yana wajen hujja. Sai ya lissafa duk fitar da ya yi cikin shekara 5, ranar fita da ranar komawa, ya haɗa da hoton kowane shafi na fasfo, da takardun haraji, da na albashi, da na hayar gida. Matarsa ce ta riƙa ɗaukar hotonsu can tana turo mana, mu kuma muna bin dare saboda a lokacin ne intanet ke ɗan motsi. Hutun mako uku ya ɗauko daga wurin aiki. Mako bakwai ya yi. Tikitin komawa ya ƙone, albashin wata guda ya tafi. Mahaifiyarmu, da Allah ya ba ta sauƙi, murna take yi ɗanta ya daɗe, ba wanda ya iya gaya mata dalili.

Wani dattijo cikin masu zuwa gaisuwa ya ce masa: "Kai ɗana, ka je filin jirgi da tsohon katin mana, ka yi musu bayani, ai su ma ƴaƴan mutane ne." Magana ce ta ƙauna, amma ba ta aiki, kuma ya kamata a san dalili. Ma'aikacin da ke karɓar kaya ba jami'in Kanada ba ne, ba shi da ikon duba haƙƙin kowa. Kamfaninsa yana tura bayanan fasinja ga hukumar iyakar Kanada kafin tashi, amsa ta dawo cikin kwamfuta, a ɗauka ko kada a ɗauka. In kamfani ya kai mutum ba da cikakkiyar takarda ba, shi zai biya tara, shi zai maido shi da kuɗinsa. Abin mamakin shi ne, da wana zai iya bayyana a gaban jami'in Kanada, dole a bar shi ya shiga, don doka ta ba mazaunin dindindin haƙƙin shiga. Wanda ya iso iyakar ƙasa daga Amurka cikin motar gida ba a tilasta masa katin, wasu takardun sun isa. To amma mai fasfon Nijar ko Cadi ko Kamaru ba ya sauka Amurka sai da bizar Amurka, ko da wucewa kawai zai yi. Ga haƙƙi a hannu, ga teku a tsakani.

Hanyar ma tana da nata takardu. Tun da Air France ta dakatar da zuwa Yamai a Agustan 2023, mutanenmu da yawa suka koma bi ta Kazablanka ko Istambul. Mai fasfon Nijeriya ko Gana da zai canja jirgi a ƙasashen Shengen yana bukatar bizar wucewa, sai dai in yana riƙe da katin zaman Kanada ko Amurka mai rai. Ashe kati in ya mutu, ba ƙofa ɗaya yake rufewa ba. Kada kuma a manta da katin allurar shawara, wanda ake nema a wannan ɓangaren namu.

Akwai wani wuri da al'adarmu mai kyau take cin karo da wannan doka, kuma ina roƙon iyaye mata su saurara. Mun saba yarinya ta zo gida goyon ciki, ta haihu gaban uwarta, ta yi wankan jego, a yi arba'in sannan ta koma ɗakinta. Idan ita da mijinta duka mazauna ne, ba su zama ƴan ƙasa ba, jaririn da aka haifa a nan ba shi da komai a Kanada. Katin uwarsa bai rufe shi ba. Sai an nema masa tasa takarda daga farko, uwa tana zaune da shi a nan, kwanakinta na waje suna ta taruwa. Wanda aka haifa can kuwa ɗan ƙasa ne tun ranar haihuwa, da fasfon Kanada zai hau jirgin komawa. Ban ce a bar al'ada ba. Na dai ce kafin a aika "ki taho gida ki haihu", a zauna da mijin a yi lissafi. Wani lokacin ya fi sauƙi a nema wa uwar biza ta je ta yi wa ɗiyarta wankan can.

Waɗanda ƴaƴansu ke wasu ƙasashe kada su auna da mudun Kanada. A Amurka katin shekara 10 yake yi, amma wanda ya wuce shekara guda a waje bai isa ya koma da shi kaɗai ba, sai in ya nemi izinin komawa tun kafin ya fito, kuma can har yau ana duban niyya. A Faransa katin shekara 10 yana faɗuwa in mutum ya yi fiye da shekara 3 a jere a waje. Kowace ƙasa da agogonta.

Al'amarin ɗiyar baffanmu ya fi ci mini rai, don shi ne kishiyar na wana. Ita katinta da ransa, ga hoto ga kwanan wata. Ta zo jinyar mahaifiyarta da shanyewar ɓarin jiki ta kama, ita ce ɗiya mace tilo, wata uku ta zo yi, ta yi shekara uku da rabi, har ta rufe wa tsohuwar ido. Cikin shekara 5 in ka cire uku da rabi, kwana 730 ba su fita. Dokar tana ƙidaya wa mutum kwanakin waje in yana tare da mijinsa ko matarsa ƴar ƙasar Kanada, ko in kamfanin Kanada ne ya turo shi aiki. Jinyar uwa ba ta cikin jerin. A nawa ganin wannan giɓi ne, dokar da ta san darajar kwangilar kamfani ta bar wadda ke juya mahaifiyarta a kan tabarma ga tausayin jami'i. Amma dai ƙofar tausayin tana nan cikin dokar, suna kiranta motifs d'ordre humanitaire, kuma ana duba maslahar yaran da abin zai shafa.

Jirgi ya ɗauke ta ba gardama, tun da kati yana aiki. A can ne jami'i ya buɗe fasfo, ya ƙirga, ya rubuta rahoto. An bar ta ta shiga wajen mijinta da ƴaƴanta, aka ba ta kwana 30 ta ɗaukaka ƙara gaban Section d'appel de l'immigration. Da a nan ta nemi takardar tafiya aka hana ta, kwana 60 za a ba ta. Lauyanta ya ce a kawo shaidar jinya, a nan kuwa muka ga ta kanmu. Unguwa duka ta san abin da yarinyar nan ta yi, liman ya sani, mai unguwa ya sani, amma kotu takarda take so mai hatimi da kwanan wata. Mu kuwa takardar magani in an sayo magani, sai a ƙunshe goro da ita.

Mako biyu na yi ina yawo tsakanin asibiti da kantin magani da ofishin magajin gari. Likitan da ya duba tsohuwar an canja masa gari, sai da na bi shi a mota ya rubuta mini wasiƙa. Takardar rasuwa ba a yanka ba a kan lokaci, sai da aka bi ta kotu. Sauran na same su cikin wani gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadon marigayiya, inda ƙanwar baffa ta riƙa jefa duk wata takarda da ta shigo ɗakin, ba don ta iya karanta ko ɗaya ba: rasiɗai 41, da hoton kai guda biyu, da katin asibiti mai ɗauke da sunan mai jinya. Su na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya na tura Monreyal, kwana huɗu kafin ranar da lauyan ya yanka mana.