Daga Palace zuwa Ibro: Yadda Tsohon Fim Ya Nuna Abin da Aka Hana Shi Faɗa

A farkon shekarun 1950, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe sinimar Palace a Jakara, daf da kasuwar Kurmi. Ita ce ta farko da aka gina a cikin ganuwa. Waɗanda suka riga ta, irin su Rex, duk a waje suke, can wajejen Sabon Gari, inda mutumin birni yake ganin babu abin da ba zai iya faruwa ba. Malamai da dattawa ba su yi maraba da ita ba, balle kuma gobarar sinimar El Duniya ta 1951, wadda ta ci rayuka sama da 300, ba ta gushe daga zukata ba, kuma da yawa sun ɗauke ta ishara. Fargabar ita ce majigin Turawa zai shigo da fitsara har tsakar gida.

Sai dai fina-finan Amurka na wancan zamani, kafin su tsallako teku, sun riga sun sha almakashi a gida. Daga 1934 zuwa 1968 masana'antar Hollywood tana aiki ne a ƙarƙashin ƙa'idojin da ake kira dokar Hays, kuma cikin abubuwan da ta haramta har da ambaton luwaɗi da maɗigo, ko da a kaikaice. Wato ra'ayin dattijon Jakara da na mai tace fim a Kalifoniya bai yi nisa da juna ba. Duk da haka mutanen da aka hana a ambata ba su ɓace daga allo ba. Hanya kawai suka sake.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na darakta William Wyler, wanda ya yi fim biyu a kan labari ɗaya. Asalin labarin wasan kwaikwayo ne na Lillian Hellman: wata ɗaliba ta ƙaga ƙarya cewa malamanta mata biyu, masu makarantar kwana, suna neman juna. A 1936, cikin These Three, dole ta sa aka mayar da ƙaryar ta zama ta kishi a kan namiji. A 1961 Wyler ya sake yin sa da sunan The Children's Hour, da Audrey Hepburn da Shirley MacLaine, ya maido da zargin na asali. Amma har fim ya ƙare ba wanda ya furta kalmar. A kunne ake raɗa ta, mai kallo yana ganin fuskar wadda aka raɗa wa tana sauyawa. A ƙarshe ɗaya daga cikin malaman ta rataye kanta. Haka yawancin irin waɗannan labarai suke ƙarewa, har marubuci Vito Russo, a littafinsa The Celluloid Closet na 1981, ya ware shafuka yana lissafa yadda aka kashe kowanne. Wanda bai mutu ba, to ko dai mugu ne, kamar samarin nan biyu masu kisa a Rope na Hitchcock na 1948, ko kuma abin dariya ne mai karairaya da yanga.

Wannan salon na nuni ba tare da furuci ba, Bahaushe ba baƙonsa ba ne. Mu ne masu habaici da zaurance, mu ne mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kuma kowa ya san wa take nufi. Bakanon da ya zauna a sinima ba ya buƙatar a fassara masa kallon da ya wuce ƙima.

Amma a nan akwai tarko, kuma masu sharhi na zamani suna yawan faɗa masa. Abin da ya fi cika sinimomin Kano, daga Palace har Orion ta Ƙofar Wambai da Plaza ta Fagge, fina-finan Indiya ne, waɗanda 'yan kasuwa Kwarori suka fara shigowa da su tun shekarun 1950. A cikinsu abota tsakanin maza babban jigo ce. Duk wanda ya kalli Sholay na 1975 ya san Jai da Veeru, wato Amitabh Bachchan da Dharmendra, a kan babur mai akwati a gefe suna waƙar ba za su rabu ba sai mutuwa. Akwai masu nazari a jami'o'in Turai da Amurka da suke karanta wannan a matsayin ɓoyayyiyar soyayya. Da na kai wa wani kawuna wannan magana, mutumin da ya ce ya kalli fim ɗin ya fi a ƙirga, sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, to ni da aminina da muka shekara arba'in muna cin tuwo a kwano ɗaya fa?" Kawu ya fi su gaskiya. A birnin da na tashi, maza biyu su riƙe hannu daga masallaci har bakin kasuwa ba abin da za a waiwaya a kalla ba ne. Yanzu samari sun fara jin nauyin yin haka, don idon zargi ya shigo, kuma ina ganin wannan asara ce da muka sayo da kuɗinmu. Ita kanta Indiya, ranar da fim ya fito fili ya faɗi maganar, wato Fire na Deepa Mehta, a kan matan wa da ƙani da suka kamu da son juna, sai da aka farfasa sinimomi a Mumbai da Delhi a 1998.

Namu kuwa, wanda ba sai mun aro daga kowa ba, shi ne ɗan daudu. Ya kamata a bambance tun da wuri: daudanci ɗabi'a ce da sana'a, namiji mai magana da tafiya irin ta mata, mai aikin da aka sani na mata, kuma ba kowane ɗan daudu ne ɗan luwaɗi ba, kamar yadda ba kowane ɗan luwaɗi ne ɗan daudu ba. Masanin harshe Rudolf Gaudio, wanda ya zauna da su a Kano ya rubuta Allah Made Us a 2009, ya nuna yadda da yawansu suke da mata da 'ya'ya, suke salla, suke tara kuɗin Makka. Mu da muka tashi a lungunan birni ba sai an rubuta mana littafi ba. A bakin unguwarmu akwai wani mai tuyar waina da soya kaji, wanda duk gidan da za a yi biki sai an aika masa. Iyayenmu mata suna ciniki da shi, suna musayar baƙar magana, yana cinye su da karin magana. Malamin makarantar allonmu ba ya amsa gaisuwarsa da sakin fuska, amma almajiransa a wurinsa suke samun ƙanzo.

Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000, aka kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001, sai ga Rabilu Musa ya fito da Ibro Ɗan Daudu a 2002. A faifai muka kalle shi a zauren wani maƙwabci, muka yi dariya har da riƙe ciki. Dariyar ta ganewa ce. Ɗaurin zani, tafa hannu, fari da ido, jan harafi a ƙarshen magana, duk Ibro ya kwaso su daidai, irin daidan da ba ya samuwa sai ga wanda ya daɗe yana lura da mutane. Marigayin, wanda ya rasu a Disamban 2014, gwani ne, ba na rage masa komai. Abin da na lura da shi daga baya shi ne dariyar ita ce takardar izinin. Ɗan daudu yana iya hawa allo matuƙar wasa ne, matuƙar kowa ya san wanda ke cikin zanin zai cire shi idan an gama ɗauka. Irin ƙofar da Hollywood ta bar wa nata mai yangar ke nan. A fina-finan barkwancin da muka taso da su, ba a tambayar wace ce uwar ɗan daudu, ko me yake ji idan yara suka bi shi da waƙa, ko wa zai tsaya a kan gawarsa.

Maɗigo kuwa ko wannan ƙofar bai samu ba, don ba a yi masa dariya. A tsegumi ya fi zama: makarantar kwana ta 'yan mata, ko hajiya mai kuɗi da ba ta da miji. Shi ya sa The Children's Hour ya fi kama da labarinmu fiye da duk sauran. Mai kallo na iya riƙe duk hukuncin da addininsa ya koya masa a kan aikin, fim ɗin bai nemi ya sake shi ba. Abin da ya sa a gaba shi ne ƙazafi: yarinya ta yi ƙarya, kakarta ta gaskata ba bincike, iyaye suka kwashe 'ya'yansu cikin yini guda, makaranta ta mutu, kotu ma ba ta wanke matan ba. Da gaskiya ta fito, ba abin da ya rage da za a mayar musu. Tun da Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi a Janairun 2014, mai hukuncin ɗaurin shekara 14, nauyin irin wannan zargi ya ƙaru, ga kuma waya a hannun kowa. A aikin jarida na ga yadda hoto guda na wata walima, da layi biyu a Facebook, suke raba mutum da aikinsa da gidan hayarsa kafin wani alƙali ya ji ta bakinsa.

Mai wainar unguwarmu bai jira hakan ba. 'Yan shekaru bayan fitowar fim ɗin Ibro, yara suka daina kiransa da sunansa, sai da na fim. Ya rage fitowa da rana, daga baya ya tattara tandarsa ya bar birni. Aka ce Jidda ya tafi, inda 'yan daudun Kano da dama suka daɗe suna dafa wa alhazai abinci. Bikin yayata da aka yi bayan tafiyarsa, daga Fagge aka ɗauko masu girki, mahaifiyata kuma ta yi mako tana mitar cewa kajin ba su soyu ba.