Kamammun Yaƙi A Bakin Kogin Nan Namu

Duk wanda ya haye daga Damazin zuwa Ruseris yana bi ta kan kogin da ya ga kamammun yaƙi tun kafin kakanninmu su sauke kaya a ƙasar nan. A ƙarshen Disamba 1898, a Dakhila, kudu da Ruseris, sojojin Masar a ƙarƙashin Turawan Ingila suka auka wa rundunar Ahmad Fadil, ɗaya daga cikin sarakunan yaƙin Halifa Abdullahi, sa'ad da take haye ruwa. Shi ya tsira. Mutanensa masu yawa kuwa suka faɗa hannu.

Abin da aka yi da kamammun wannan zamani ya daɗe yana damuna, gama ba mudu ɗaya aka auna musu ba. Ƙananan mayaƙa da yawa an canja musu riga kawai, aka sa su cikin sojan da ya ci su. Manya kuwa sai aka mai da su abin kallo. Mahmud wad Ahmad, wanda aka kama a Atbara a Afrilu 1898, an zaga da shi garin Barbar a ɗaure, Kicina yana gaba a kan doki. Ya mutu a kurkukun Rashid, a Masar, a 1906. Usman Digna an kama shi a 1900, ya tsufa a tsare, ya rasu a Wadi Halfa a 1926. A shekarar nan ce kuma Sarkin Kano Alu ya rasu a Lakwaja, inda Turawa suka ajiye shi bayan sun ci Kano a 1903. Hannu ɗaya ne ya kulle su biyun.

Mafi muni shi ne na Shukkaba, a bakin kogin nan, a Agusta 1899. An kama Halifa Sharif da 'ya'yan Mahadi biyu, Fadil da Bushra, aka yi musu shari'ar soja ta gaggawa, aka harbe su. Mutum ne a hannunka, ba takobi, ba doki. Ni dai ban ga jaruntaka a wannan ba.

Mai karatu zai ce ai wannan tsohon zance ne, tun da a 1949 al'ummai suka ƙulla yarjejeniyar Janiba: a ciyar da fursunan yaƙi, a yi masa magani, kada a wulakanta shi a gaban jama'a, a sallame shi in yaƙi ya ƙare. To, amma a farkon Satumba 2011 faɗa ya tashi a cikin Damazin, Shugaba Bashir ya tuɓe gwamna Malik Agar, aka yi ta kamen waɗanda ake zargi da bin jam'iyyarsa. A unguwarmu an tafi da wani saurayi mai gyaran keke da dare. Uwarsa ta yi watanni tana dafa tuwo tana ɗauka daga wannan ƙofa zuwa waccan, ba wanda ya ce mata yana nan ko ba ya nan. Ya komo a rame, har yau bai faɗi abin da ya gani ba. Abin da ya fi cin uwar, in ji ta, rashin sani ne.

A 2014 kotu a Sinja ta yanke wa Agar hukuncin kisa ba ya nan. A Maris 2017 'yan tawayen suka saki kamammu fiye da 120 ta hanyar Yuganda, gwamnati ita ma ta yafe wa waɗansu 'yan tawaye da ke hannunta. A 2023 aka naɗa Agar mataimakin shugaban majalisar mulkin ƙasa. Mai gyaran keken bai taɓa ganin alƙali ba, ko takarda ɗaya ba a ba shi ba.