Shekarun Uwa Da Rayuwar Ɗa A Garken Giwaye

Ni ɗan fari ne wurin mahaifiyata, kuma a ɗakin kakata aka haife ni, gama bisa al'adarmu ana mai da mace gidan iyayenta goyon ciki idan haihuwar fari ta gabato, ba ta komawa ɗakinta sai ta gama wankan jego. Tun da na fara karanta labarin giwaye nake ganin hikimar wannan al'ada.

Giwa takan yi wata 22 da ciki, ta shayar da ɗanta shekara biyu ko fiye, tana kuma iya kai shekara 60 a duniya. Masu binciken da suka fara bin giwayen Amboseli ta ƙasar Kenya tun 1972, a ƙarƙashin Cynthia Moss, sun lura cewa 'ya'yan fari sun fi na baya mutuwa, musamman a shekarar da ruwa ya yi ƙaranci. Dalili kuwa shi ne uwar ba ta gama girma ba, nononta kaɗan ne, ba ta kuma san hanyoyin daji sosai ba.

A shekarar 1993 aka yi mummunan fari a gandun dajin Tarangire na ƙasar Tanzaniya. Cikin 'yan giwaye 81, guda 16 suka mutu a wata tara. Garkunan da tsofaffin giwaye ke ja suka fice daga gandun neman ruwa da ciyawa, 'ya'yansu suka fi tsira. Garken da jagorarsa ba ta manyanta ba ya tsaya, shi ne ya fi yin asara. Masana suna zaton tsofaffin sun tuna da farin 1958 zuwa 1961 da suka gani da ƙuruciya. Lalle abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Har ila yau, a ƙasar Bama, inda giwaye ke jan gumaguman katako, wani bincike na 2016 ya nuna cewa ɗan giwar da uwarsa ba ta kai shekara 20 ba ya fi rayuwa nesa ba kusa ba muddin kakarsa tana tare da su.

To, jama'a, abu biyu ke damuna. Na farko, ɓarayin haure tsofaffin giwaye suke hari saboda haurensu ya fi girma, watau kowace suka kashe sun tafi da sanin da garke ke rayuwa da shi. Wannan ya shafi sauran giwayenmu na Yankari. Na biyu, a biranenmu yau sai ka tarar da yarinya ta haihu a ɗakin haya, mijin yana wurin aiki, babu wata tsohuwa kusa. Asibiti wajibi ne, amma ungozomar asibiti ba ta kwana da mai jego. Duk wanda matarsa ke da cikin fari, ya yi tanadin kuɗin motar kaka tare da na ragon suna.