Farin Goro a Cikin Waya

Mu da muka taso tsakanin huhun goro da karar shanu, tun kafin mu iya riƙe biro muka san cewa ƙarancin kaya ne ke ɗaga farashinsa. Shi ya sa da 'ya'yanmu da yaran shagunanmu suka dulmiya cikin wasan nan na farautar dodanni a waya, wanda ake kira Pokémon GO, ba mu daɗe ba muka gane abin da ke jan su. Kasuwa ce aka kafa musu a tafin hannu, kuma wanda ya san kasuwa bai kamata ya tsaya kallo kawai ba.

Ga wanda bai san wasan ba, asalinsa daga Japan ne. Wani mutum mai suna Satoshi Tajiri, wanda ya taso a Machida, gefen Tokyo, yana yaro ba shi da aiki sai kamun ƙwari a gonaki da bakin tafki, kamar yadda wasunmu suka yi kamun fara da gyare a gida. Da gine-gine suka cinye filayen, sai ya mayar da farautar cikin na'ura. Wasan farko ya fito a 1996 da halittu 151, yau sun haura 1,000. Na waya kuma ya fito a watan Yulin 2016. Waya za ta nuna maka taswirar inda kake tsaye, dodo ya ɓullo a kan titi, ka jefa masa ƙwallo, in da rabo ya shiga. Yawancinsu gama-gari ne, kamar kaji a tsakar gida. Duk gumin da yara ke yi, a kan 'yan ƙalilan ɗin da ba a cika gani ba ne.

Akwai waɗanda aka ɗaure wa ƙasa. Tauros, mai siffar bijimi, a Amurka yake. Kangaskhan sai Ostareliya, Mr. Mime sai Turai. Mu kuma aka ba mu Tropius, mai fukafukan ganye da ayaba a wuya, wanda ke fitowa a Afirka da kewayenta. Yaranmu a nan Badun har sun daina murna idan sun gan shi, alhali yaron da ke Kanada zai iya shekaru yana wasan bai kama ko ɗaya ba, sai in an yi wani biki an sake shi na 'yan kwanaki. To, wannan ai shi ne abin da ya sauko da kakanninmu Kurmi. Goro a Shagamu ba abin mamaki ba ne, amma in ya isa Kano ko Sakkwato ya zama abin ɗaurin aure. Shanu da albasa kuma su yo Kudu. Da aka buɗe musayar dodanni a 2018, sharaɗin shi ne sai mutum biyu suna kusa da juna, tazarar da ba ta wuce mita 100 ba, kuma abin da ake cira a kan musayar yana raguwa gwargwadon daɗewar abotarsu. Wato ko a can ma, tsohon abokin ciniki farashinsa daban.

Sai kuma wanda ya fi haukata su, wato mai sheƙi. Dodo ne irin na kullum, ƙarfinsa bai fi na 'yan uwansa ba, launinsa ne kawai ya bambanta, tamkar ka buɗe kwaryar jan goro ka tsinci fari guda ɗaya. A wasannin da suka fito tun 1999, ɗaya ake samu cikin 8,192. Daga 2013 aka sassauta zuwa ɗaya cikin 4,096. A na waya, masu wasan da suka zauna suka ƙirga sun ce wajen ɗaya ne cikin 500, amma a ranar gangamin da ake yi wata-wata yakan sauko zuwa kamar ɗaya cikin 25.

A nan ne muke so iyaye su buɗe kunne. Za ka ji yaro ya ce, "Baba, na kusa, na taɓa sun fi ɗari huɗu." Wallahi bai kusa ba. Shi yana yi wa abin kallon adashi, inda duk wanda ya yi zubi dole kwasarsa ta zo. Wasan kuwa ba ya riƙe lissafin zubin kowa. Na ɗari biyar ɗin da zai taɓa daidai yake da na farko. In ka tara yara 100, kowa ya taɓa dodanni 500, wajen 37 daga cikinsu za su tashi hannu rabbana. Yaron da ya fahimci wannan ya samu ilimin da zai tsare shi daga masu cacar ƙwallo da ke cike da titunan garin nan, don su ma da "na kusa" suke cin mutane.

Ba duka ne sa'a ba, akwai inda sani ke aiki. A wasan da ya fito a 2002 an saka wani kifi mummuna, Feebas, wanda a duk faɗin wani kogi gurbi shida kacal ake kama shi, kuma gurbin kowane mai wasa daban da na wani. Sai ka bi ruwan taki-taki kana jefa ƙugiya. Akwai kuma ƙwallon da ba ya kuskure, Master Ball, wanda a tsofaffin wasannin guda ɗaya ake ba ka. Mai garaje ya jefa wa dodon banza, mai hankali ya ajiye sai babban ya fito. A na waya, masu zama a ruwa sun fi fitowa kusa da ruwa, yanayin sama yana canza abin da ke ɓullowa, manyan dodanni kuma mutum ɗaya ba ya iya kayar da su sai an haɗu. Mun ga yaran da ba sa iya ajiye naira ɗari zuwa gobe suna tattalin kayan wasa wata guda. Mun ga ɗan Sabo da ɗan Mokola sun haɗa kai suna Yarbanci da Hausa a kan dodo ɗaya. Ba za mu ce babu alheri a ciki ba.

Sai dai akwai bambancin da ɗan kasuwa ba ya mantawa. In daushe ya yi tsada, mun san dalili: kaka ta wuce, an sha wahalar ajiya, ana sauya ganye ana tsince mai ƙwaro. Ƙarancin cikin wasa kuwa lamba ce da masu wasan suka rubuta, in sun ga dama gobe su canza ta. Abin da yaro ya yi wata uku yana nema, ana iya wayar gari an cika titi da shi. Kuma a bakin wannan ƙarancin aka kafa shago. Ana ba ka ƙwai, sai ka taka kilomita 2, ko 5, ko 10 kafin ya ƙyanƙyashe. Abin ƙyanƙyasa ɗaya ne naka na din-din-din, in kana son ƙari sai da sulallan wasa, su kuma hanya mafi sauri ta samunsu ita ce kuɗin gaske. Ka biya, ba ka san wanne zai fito ba. Wanene a cikinmu zai sayi huhu bai kwance ya duba ba? Malamanmu sun daɗe suna jan kunne a kan cinikin abin da ba a san ko mene ne ba, kuma sakawa a waya bai canza masa suna ba.

Akwai kuma maganar titi. Wuraren da ake ɗibar kayan wasa an ɗora su ne a kan fitattun wurare: masallatai, coci-coci, gumakan shataletale, wuraren shaƙatawa. Sabo ta haura shekara ɗari, kuma da zaman mutunci da masu gari ta kai haka. Matashinmu ya tsaya da dare a ƙofar wurin ibadar wasu yana ɗaga waya, shi dodo yake nema, amma mai gadi ba dodo zai gani ba. Ƙaramar magana irin wannan takan zama babba kafin dattawa su ji. Ga masu fizgen waya, ga 'yan acaɓa da ba sa jiran wanda idonsa ke ƙasa.

Mu dai a gidajenmu ba mu ƙwace waya ba, don wanda aka ƙwace wa zai ara a waje. Sharaɗi muka gindaya. Ba a sa ko sisi a wasan, balle kuɗin shago. Ba a fita farauta bayan magariba, ba a fita mutum ɗaya, ba a tsayawa a ƙofar kowa. Lokacin makaranta da na Islamiyya ba a taɓa shi. Sannan duk wanda ya ce yana neman wani dodo, sai ya faɗa mana ɗaya cikin nawa ne, da kuma awa nawa ya ware masa. In awannin sun cika bai samu ba, ya rufe, kamar yadda muke rufe shago ko an yi ciniki ko ba a yi ba.

Muna roƙon iyaye su zauna da yaran su tambaye su. Za ku sha mamakin irin lissafin da ke kansu. Wanda ya iya riƙe sunayen dodanni ɗari biyar da inda kowanne ke fitowa, zai iya riƙe littafin bashi, zai iya riƙe karatu. Namu shi ne mu nuna masa inda zai kai wannan ƙwaƙwalwa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu kasuwa mai albarka.