Giwar da Take Tashi Sama

'Yar uwa, da wani zai ce miki giwa tana tashi sama, na san dariya za ki yi, ki ce tatsuniya ce. To mu mun ga giwa mai fukafukai da idonmu, a jikin jakar hannu, a jikin tikiti, a jikin jirgi. Ita ce tambarin kamfanin jiragen saman ƙasarmu, wato Nigeria Airways, kafin daga baya a musanya ta da mikiya. 'Yan matan yanzu da yawa ko sunan ba su sani ba, domin tun 2003 aka rufe kamfanin. Wadda aka haifa a shekarar nan, yau wataƙila tana ɗakinta har da goyo. Shi ya sa na ga ya kamata in ɗan ba ku labarinsa.

Asalinsa na haɗaka ne. A 1946 Turawan Ingila suka kafa kamfani guda ga ƙasashe huɗu da suke mulka, Nijeriya da Gana (lokacin ana ce mata Gwalkwas) da Saliyo da Gambiya. Da Gana ta sami 'yanci sai ta ce a raba gari, kowa ya kama tashi. Aka kafa namu a 1958, ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, shekara biyu cif kafin 'yancin kai. Da farko gwamnati kashi 51 cikin ɗari take da shi, sauran yana hannun kamfanonin Turawa biyu, BOAC da Elder Dempster. A 1961 gwamnati ta saye rabonsu duka, abu ya zama namu halak malak. Sunan Nigeria Airways kuwa sai a 1971 aka tabbatar masa da shi.

Jiragen farko ƙanana ne masu farfela, irin su Dove da Heron da DC-3. Sai aka kawo Fokker F27, shi ma mai farfela, wanda ya yi ta zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri da Sakkwato. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai idon kamfani ya buɗe. Aka sayo Boeing 707 mai inji huɗu don tafiya mai nisa, da Boeing 737 da Fokker F28 don cikin gida, a 1976 kuma aka kawo DC-10, ƙaton nan mai inji uku, biyu a fukafukai ɗaya a wutsiya. Daga baya aka ƙaro Airbus A310 guda huɗu. Lokacin da kamfani yake kan ganiyarsa, a shekarun 1980, jiragensa sun kai wajen talatin, suna zuwa Landan da Rum da Jidda har Niyok ta Amurka. Wani abin da ba kowa ya sani ba, DC-10 na ƙarshe da masana'antar ta ƙera a duniya, a 1989, mu aka kawo wa.

Mu da muka tashi a Kano ba sai an ba mu labarin jiragen nan ba, a kan rufin gidajenmu suke wucewa. Filin jirgin Kano shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, tun 1925 jirgi ya fara sauka a garin. Muna yara, in muka ji rugugi sai mu bar wasan 'yar tsana mu fito tsakar gida muna ɗaga hannu, wai na ciki suna ganinmu. Fari ne da kore, launin tutarmu. Yayyenmu maza har musu suke yi a ƙofar gida, wannan ya ce 707 ne, wancan ya ce DC-10 ne, wai daga ƙara suke ganewa. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne matan da suke aiki a ciki. Ki ga mace tsaf-tsaf, ta ja 'yar jakarta, yau tana Kano gobe tana Landan, ba ta roƙi kowa kuɗin mota ba. Ba na ce kowa ta bar ɗakinta ta hau jirgi ba, amma wallahi ganinsu ya sa yawancinmu muka riƙe boko da hannu biyu.

Inda kamfanin ya fi shiga gidajenmu kuwa shi ne lokacin aikin Hajji. Kakanninmu a ƙasa suke tafiya, su bi ta Barno su ratsa Cadi su shiga Sudan, su yi noma a hanya su tara guzuri, wani shekara bakwai bai dawo ba, wani kuma can ya zauna, jikokinsa suna Sudan har yau. Sai ga jirgi ya mayar da tafiyar ta zama ta 'yan sa'o'i, ka yi asuba a Kano ka yi la'asar a Jidda. Ga mata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tsohuwar da ba za ta iya tafiyar jeji ba, da matar da ba za ta bar yara shekara da shekaru ba, duk suka sami hanya. Ki tuna yadda ake yi in uwar gida za ta tashi: a yi dambun nama, a daka yaji, a soya man shanu, a ƙulla kuka da kuɓewa busasshiya, dangi su cika mota a raka ta sansanin alhazai. In ta dawo ga haƙorin Makka, ga zamzam, ga dabino da bagaruwa, ga 'yar kyamarar nan da yara suke leƙawa su ga Ka'aba. Jakar nan mai hoton giwa kuma a rataye ta a ɗaki kusa da jeren kwanuka, duk baƙuwar da ta shigo ta san Hajiya ta sauke farali.

Amma hanyar nan ta sa mu kuka, kuma ba sau ɗaya ba. Ranar 22 ga Janairu 1973, wani Boeing 707 da kamfanin ya ɗauko haya daga Jodan ya kwaso alhazai daga Jidda. Ikko za shi, yanayi ya hana, aka juyo da shi Kano cikin hazo. Wajen sauka ya yi hatsari ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu. A lokacin ba a taɓa yin hatsarin jirgin sama da ya ci rayuka haka ba a duniya. Sai kuma ranar 11 ga Yuli 1991, wani DC-8 na haya daga wani kamfanin Kanada ya tashi daga Jidda zai kawo alhazai Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, suka fashe wajen tashi, suka kama da wuta, aka naɗe su cikin cikin jirgin da wutar. Matuƙin ya juyo zai sauka, bai kai ba. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Allah Ya jiƙansu Ya karɓi Hajjinsu. Mun yarda da ƙaddara, amma bincike ya nuna an san tayoyin nan ba daidai suke ba, aka ƙi tsayawa a gyara don kada a makara. Wannan maganar har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci, domin matan da suka tara kuɗin kujerar nan da ƙuli-ƙuli da saƙa da adashi, sun cancanci a tsaya a busa wa taya iska.

To me ya kashe giwar? Uwar gida, ke da kike sana'a a cikin gida za ki fi kowa ganewa. In kina sayar da ƙosai, mai gida ya ɗauka bai biya ba, ƙanensa ya ɗauka, baƙinsa su ɗauka, ke kuma kina jin nauyin tambaya, ranar da za ki aika a auno wake sai ki tarar gwangwani wayam. Haka aka yi wa kamfanin nan. Dukiyar gwamnati ce, wai ba ta kowa ba. Ma'aikata suka yi yawa fiye da aikin, shugabanni kuma kowace gwamnati ta zo sai ta naɗa nata. A 1979 har aka ɗauko kamfanin KLM na Holan ya riƙe shi shekara biyu, da suka tafi aka koma gidan jiya. Ana cikin haka sai ga SAP a 1986, zamanin Janar Babangida, darajar naira ta faɗi. Tikiti da naira ake sayarwa, kayan gyara da bashin waje kuwa da dala ake biya, kin ga ai lissafi ba zai fita ba. Aka kai ga ana riƙe jiragenmu a ƙasashen Turai saboda bashi, jirgi ya tafi gyara ya ƙi dawowa. Nan gida kuma ga 'yan kasuwa sun shigo, irin su Kabo Air na nan Kano da Okada Air, suka kwashe fasinja. Daga talatin aka yi ta raguwa har ana ƙirga jiragen da yatsun hannu ɗaya, gwamnatin Obasanjo ta rufe shi a 2003.

Ba mu kaɗai ba ne. Air Afrique, wanda 'yan uwanmu na Nijar da Cadi suke ciki, ya durƙushe a 2002, na Gana ma bai daɗe ba ya bi sahu. Amma kada wani ya ce mini wai baƙar fata ba ya iya riƙe jirgi. Na Habasha ya fara tashi a 1946, ya ga juyin mulki ya ga yaƙi ya ga yunwa, ga shi nan ya zama mafi girma a Afirka.

Waɗanda na fi tausaya wa su ne matan ma'aikatan. Dubban magidanta aka sallama, haƙƙinsu ya maƙale shekara da shekaru. A 2018 gwamnatin Buhari ta amince a fitar da sama da naira biliyan 22 a rage musu, shekara goma sha biyar bayan rufewa, lokacin da yawa daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya. Ki auna matar injiniya ko matar akawu, wadda ta saba da albashi duk wata, ga yara a makaranta, dare ɗaya a ce babu. Da abin da take taɓawa a cikin gida aka ci abinci a shekarun nan, in tana da shi.

Bayan haka an yi ta gwadawa. An yi Virgin Nigeria da ya fara tashi a 2005, aka canza masa suna ya koma Air Nigeria, ya tsaya a 2012. A 2018 aka yi shelar wani sabo mai suna Nigeria Air a wajen baje kolin jirage a Ingila. A watan Mayu na 2023, kwana kaɗan kafin gwamnati ta sauka, aka kawo jirgi guda Abuja an rubuta sunan a jikinsa, aka yi taro aka ɗauki hotuna. Ashe na Habasha ne aka aro, bayan biki ya koma inda ya fito.