Ƙwallon Yatsu a Garin Jos

Masu iya magana sun ce zamani riga ne. Daga cikin rigunan da wannan zamani ya ɗinka wa matasan garin Jos akwai wasan ƙwallon ƙafa na na'ura, wanda yara ke kira gem. Duk wanda ya bi ta Unguwar Rogo, ko Farin Gada, ko Tudun Wada, ko bakin Jami'ar Jos a Titin Bauchi, ba zai rasa ganin wani ɗan shago ba mai benci biyu da talabijin da janareta a ƙofa, samari sun cika shi maƙil, biyu na bugawa, goma na ba da shawara. Mu da muka taso a cikin wannan hayaniya, tun daga zamanin Winning Eleven da Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami har zuwa FIFA na kamfanin EA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, muna ganin ya kamata mu ɗora wannan wasa a kan ma'auni, mu faɗi alherinsa, mu faɗi aibinsa.

Da farko dai, gem malami ne. Yaron da bai taɓa zama gaban koci ba ya san bambancin tsarin 4-4-2 da 4-3-3, ya san dokar satar gida, ya kuma san cewa ɗan wasan da ya gaji canza shi ake yi. A gaban talabijin ɗin nan da yawanmu muka fahimci cewa ƙwallo lissafi ce, ba gudu kaɗai ba. Wanda ya saki tsakiyar fili ya saki wasa, kome gwanintar 'yan gabansa. Bugu da ƙari, na'ura ba ta san ɗan wane ba. Gurgu yana lallasa mai ƙafa, ƙane yana cin wansa biyar ba ko ɗaya, kuma babu alƙalin wasan da za a ce an saya.

Alheri na biyu ya fi wannan nauyi ga mutumin Jos. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba garin nan, unguwanni suka koma na Musulmi da na Kirista, har mutum ya riƙa tunani kafin ya tsallaka wani titi. Amma a ɗakunan kwanan ɗalibai da shagunan da ke kewaye da makaranta, mun sha ganin Berom da Bahaushe da Ngas da Ibo a kan benci guda, ba abin da ya raba su sai wanda zai ɗauki Real Madrid da wanda zai ɗauki Barcelona. Ba mu ce gem zai sasanta abin da manya suka kasa ba. Abin da muka ce shi ne, wanda kuka yi dariya tare da daddare, da wuya ka ɗauke shi dodo da safe.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Aibi na farko shi ne cin lokaci da kuɗi. Ƙa'idar shago ita ce wanda aka ci shi ke biya, shi kuwa wanda aka ci ba ya tashi sai ya rama. Da haka kuɗin abinci ke tafiya, da haka lacca ke wucewa. Daga nan sai a fara ɗora kuɗi a kan wasa, abin nishaɗi ya rikiɗe ya zama caca. Su kansu masu ƙera wasan ba su tsira daga wannan zargi ba. A sashen da ake kira Ultimate Team, mutum na sayen ƙunshin 'yan wasa da kuɗi ba tare da ya san waɗanda ke ciki ba. A 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce irin wannan ciniki caca ne, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin da ake wannan saye da shi a ƙasar. Abin da wata ƙasa ta kira caca, a nan yana shiga wayar ɗan shekara goma sha biyu ba mai tambaya.

Aibi na biyu shi ne wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya: wannan madubi ba ya nuna fuskarmu. Jos gari ne na ƙwallo tun kafin a haifi iyayen wasunmu. Mighty Jets ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, ƙungiyar su Sam Garba Okoye da Isma'ila Mabo. Plateau United ta ɗauki kofin lig a 2017. A nan aka haifi Mikel Obi a 1987, wanda ya ci kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012 da kofin Afirka a 2013. A nan kuma aka haifi Ahmed Musa a 1992, wanda ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a 2014, ya sake zura wa Ayisland biyu a 2018. Duk da haka, idan ka kunna EA Sports FC ba za ka ga gasar lig ta Nijeriya ba, balle filin Rwang Pam. Ɗan Jos ba ya shiga na'ura sai ya fita daga Jos. Sakamakon haka, yaro zai lissafa maka 'yan benci na Manchester City, amma ka tambaye shi golan Plateau United sai ya yi zuru.

A nan ne labarin Amurka zai yi mana amfani. Suna da wasan na'ura na ƙwallon jami'o'insu, irin ƙwallon nan tasu mai kama da zari-ruga. An dakatar da shi bayan fitowar 2013, saboda ƙarar da tsofaffin 'yan wasa irin su Ed O'Bannon suka shigar, cewa ana cin kasuwa da kamanninsu ba a ba su ko sisi. A 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa karɓar kuɗi a kan sunansu da hotonsu. A Yulin 2024 wasan ya dawo da sunan College Football 25, ɗauke da makarantu 134, kowace da filinta da rigarta da makaɗanta, aka kuma ba kowane ɗan wasan da ya amince dala 600 da kwafin wasan. Ƙarfinsa ke nan: ɗalibi yana ganin makarantarsa. Rauninsa kuwa, bai hau kome ba sai PlayStation 5 da sabbin Xbox, wato talaka ɗan kallo ne, kuma shi ma yana da wancan ciniki na ƙunshi.

Darasin a fili yake. Muna da wasannin NUGA tun 1966, muna da gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL da aka fara a 2018, muna kuma da ɗalibai masu nazarin kwamfuta a Jami'ar Jos da sauran jami'o'i. Me zai hana wata rana a ƙera wasan da Jos za ta kara da Zariya, Kano ta kara da Maiduguri, mai sharhi yana magana da Hausa, hazon Disamba ya rufe duwatsun Naraguta a bayan raga? Ba sai ya kai na Turawa kyau ba a tashin farko. Da rarrafe yaro kan tashi. Kuma idan ranar ta zo, a tuna da haƙƙin ɗan wasan da aka ɗauki fuskarsa.

Kafin nan, shawararmu ga 'yan'uwa ɗalibai ita ce a buga gem a bar caca, a ware masa lokaci kada ya ware wa kansa. Idan kuma Plateau United na wasa a gida, a ajiye na'ura a je fili, domin ƙungiyar da 'yan garinta ba su kalle ta ba, babu baƙon da zai sa ta a na'urarsa. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Filato.